Littafin cefane da buhun wake

Ranar da maigidana ya dawo daga gidan mai, ya ajiye makullin tsohuwar Golf ɗinsa a kan firij bai ce wa kowa uffan ba, na san zama ya canza. Kwana biyu kenan da rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ranar 29 ga Mayun 2023, inda ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da muka saba saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 kuwa sai da ta tsallake 1,000. Motar nan ta yi ta shan ƙura a ƙofar gida har yaran unguwa suka mai da bayanta allon rubutu.

Ni malamar firamare ce, shi kuma ma'aikacin gwamnati. Muna zaune a unguwar Rikkos da ke Jos, mu bakwai: mu biyu, yara huɗu, da ƙanwarsa da ke karatu a wurinmu. Da farko abin da na iya kawai shi ne faɗa. Wanda ya cika sukari a shayi ya sha faɗa, wanda ya bar fitila a kunne ya sha faɗa. Na rage nama, na rage mai a miya, amma duk da haka ashirin ga wata na yi sai ka ga aljihu fayau, mu koma cin bashi wurin mai shagon bakin layi.

Wata rana na ɗauko ragowar littafin rubutun ɗana, na ce daga yau ko ashana aka saya sai an rubuta. Maigidan ya yi dariya ya ce, "Malama, har gida ma rajista za a riƙa kira?" Na ce eh, kuma da kai za a fara. Wata guda muka yi muna rubutawa. Da na zauna na haɗa lissafi, jikina ya yi sanyi, domin inda nake ta zargi ba nan ɓarakar take ba. Nama bai ci wani abin kirki ba. Abin da ya cinye mu shi ne ƙulle-ƙullen nan na kullum: man gyaɗa a leda, tumatirin leda, madarar leda, omon leda, kuɗin Keke zuwa kasuwar Taminus sau uku a mako don sayo abin da bai cika jaka ba, sai ladan mai POS duk lokacin da aka ciri 'yan kuɗi kaɗan. Na lissafa man da muke saye ƙulli-ƙulli a wata, na kwatanta da farashin galan, sai na ga ashe marar kuɗi ya fi mai kuɗi sayen kaya da tsada. Mai kuɗi sau ɗaya yake biyan ribar ɗan kasuwa, mu kuwa kullum sai mun biya, har da kuɗin leda.

To amma sari sai da jari, mu kuma ba mu da shi. Nan ne muka haɗa kai mu huɗu, matan layinmu, muka mai da adashinmu na kayan ɗaki ya koma na abinci. Maimakon ɗaya ta kwashe, sai mu haɗa kuɗin mu sayi abu guda mu raba. Mutanen Jos muna da wata ni'ima da muke rainawa. Kabeji da karas da koren wake da ake lodawa zuwa Abuja da Legas a ƙofarmu suke, dankalin Turawa kuma daga Bokkos da Mangu yake shigowa. In ka yi sammako zuwa kasuwar Farin Gada lokacin da tumatirin rani ya sauko, kwando guda ya ishi gida huɗu. Mukan raba rabonmu kashi biyu: rabi mu markaɗa mu dafa har ruwan ya tsane, mu ɗura a kwalba mu rufe samansa da mai, rabi kuma mu yanyanka mu shanya ya zama kauɗa. Iskar Jos ba ta wasa da shanya, kwana kaɗan ya bushe ƙarau. Da damina ta kama a 2024 tumatir ya zama gwal, mutane na miyar karas, ni kauɗata na jiƙa.

Wannan nasarar ce ta sa kaina ya kumbura, har na jawo wa kaina asarar da har yau in na tuna sai na ji ciwo.

Da kaka muka je kasuwar Katako muka auno masara da wake. Rabona na wake rabin buhu ne, fari tas, mai manyan ido. Na kawo na jingine shi a sito cikin buhun da aka zubo shi, na ɗaure bakin da igiya, ina ta yi wa kaina kirari. Sai wajen watan Fabrairu na kwance zan ɗebi na alala. Ina zura hannu na ji ɗumi, kamar an ajiye shi kusa da murhu. Na ɗebo tafi guda na kawo haske: kowace ƙwaya da huda biyu ko uku, gari na zuba ta tsakanin yatsuna, ƙananan ƙwari baƙaƙe suna hawa hannuna. Na zauna daɓas a bakin sito.

Surukata tana gidan a lokacin, ta zo ganin likita. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wake ake jinginewa haka kamar buhun gawayi?"

Na ce, "Wallahi Hajiya lafiyarsa lau na sayo shi."

Ta ce, "Lafiyarsa lau a idonki. Da ƙwansu yake tahowa tun daga gona."

Ita ta sa muka baza shi a rana kwana uku, muka sheƙe, muka tsince abin da zai tsintu. Kusan kashi ɗaya cikin uku kaji suka ci. Sauran ta sa aka wanke jarkokin man girki aka busar, aka ɗura waken har wuya, aka sa leda a baki aka murɗe murfin tam. Hikimar ita ce ƙwaro ma numfashi yake yi. In ba iska, shi da ƙwansa duk mutuwa za su yi. Daga baya na gano buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, kan wannan dabarar yake aiki, kuma ana samunsa wurin masu kayan noma. Wata ta ba ni shawarar in yayyafa fiya-fiya, na ƙi. Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci ba zan zuba wa 'ya'yana a tukunya don tsimin kuɗi ba.

Sai batun wuta. Wanda bai yi Disamba a Jos ba ba zai gane yadda ruwan wankan mutum bakwai ke shanye tukunyar gas ba. Mun mai da dafa ruwa da wake kan murhun gawayi a tsakar gida, gas ya koma na shayi da ɗumame. Wake kuma tun dare nake jiƙa shi. Shinkafa in ta tafasa ruwan ya kusa tsotsewa, sai in sauke in naɗe tukunyar da tsohon bargo, ta ƙarasa da kanta. Abu ɗaya na kafa wa doka: gawayi ba ya shiga ɗaki komai sanyi, domin hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci.

Burodi da shayin safe ya koma na ranar Juma'a kawai. Wata abokiyar aikina 'yar Birom ta koya mini gwate yadda suke yinsa, da gauta da yakuwa da alayyafo, sai dai ni da tsakin masara nake yi saboda acca ta fi ƙarfina. Yara suka yi bore na mako guda, autan har da kuka. Yanzu shi ke suɗe kwano.

A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma kasuwa ta riga ta yi gaba. A Disamban shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Don haka ban saki littafina ba. Kuma a cikinsa ne na ga layin da ya fi kowanne nauyi, wanda ba a kasuwa ake magance shi ba: anko. Bikin 'yar yayata ya taso, aka fitar da kala uku, na kamu da na walima da na yini. Na kira ta na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, bana ba zan iya anko ba. Kuɗin zan haɗa in saya wa amarya tukwane." Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce, "To, Allah ya rufa asiri," da muryar da na san ba ta ji daɗi ba. Na kwana ina juyi. Gara a ce mini in yi wata ban ci nama ba da in shiga taron dangi ana kallona a kaikaice.

Ranar yini na ciro atamfar Sallar bara na goge, na tafi gabana na faɗuwa. Ina shiga na hango 'yan uwa har biyar cikin tsofaffin kayansu, kowacce ta rakuɓe a gefe tana zaton ita kaɗai ce. Muka haɗa ido muka fashe da dariya, muka jawo tabarma ɗaya. Yaya ta zo wucewa da faranti a hannu, ta tsaya ta ƙare mana kallo, ta ce, "Ku 'yan adawa, an kawo muku abinci kuwa?"

Littafin yanzu a hannun babbar 'yata yake, ita ke rubutawa, kuma ta fi ni tsanani. Jiya da daddare na ji ta tsare babanta a ƙofar falo da biro a hannu: "Abba, tsiren nan na nawa ne?"