Godiya bayan dawowar ɗana gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, jiya da yamma ɗana ya dawo gida bayan kwana 94 a cibiyar gyaran hali, kuma daren jiya ne na farko tun da aka shiga wannan jarrabawa da na yi barci ba tare da waya a kan ƙirjina ba. Mafi yawanku kun san abin da ya faru, yadda shaye-shaye ya kusa hallaka shi, don haka ba zan sake tono labarin ba. Na zauna rubutu ne da gajiyar da har yanzu ba ta sake ni ba, saboda akwai mutanen da bashinsu ke wuyana, kuma ina tsoron kada kwanaki su ja in saba da sauƙi in manta da su.

Zan fara da wanda na fi zalunta. Akwai wani yaro, abokin ɗana, wanda sau biyu ina korarsa daga ƙofar gidana, har na gaya masa maganar da ba ta dace da bakin babba ba, domin na riga na yanke hukunci cewa shi ya koya wa ɗana shaye-shaye. A daren da abin ya faru, duk waɗanda suke tare sun watse da suka ga ɗana ya faɗi ba ya motsi, sai wannan yaron kaɗai ya tsaya. Ya juya shi ya kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, sannan ya kira lambar mutumin da ya ci masa mutunci. Da muka isa ɗakin gaggawa likita ya tambayi abin da aka sha, na yi shiru domin ban sani ba, kuma ko da na sani ina jin kunya za ta ɗaure mini harshe. Yaron ya matso jikinsa na ɓari, ya ce maganin tari ne mai kodin aka haɗa da ƙwayoyin barci, ya faɗi sunansu, ya faɗi yawansu da lokacin da aka sha, alhali ya san maganar tana iya jawo masa kamu. Daga baya likitan ya yi mini bayani cewa kowanne daga cikin biyun yana rage numfashi, idan aka haɗa su kuma sai su taru su danne sashen ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da numfashin, kuma sanin abin da aka sha ya taimaka musu suka yi masa allurar naloxone, wadda ke karya ƙarfin kodin, ba tare da ɓata lokaci ba. Abokin ɗana, idan wannan rubutu ya iso gare ka, ka yafe mini. Allah ya saka maka da alheri, ya tsaya maka ranar da kowa zai watse kamar yadda ka tsaya wa ɗana.

Abin da har yau nake gani idan na rufe ido shi ne leɓɓan ɗana da suka yi duhu, da ƙwayar idonsa da ta tsuke kamar bakin allura. An gaya mini mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, shi kuwa nasa bai wuce 6 ba lokacin da muka shiga. Bayan allurar ya buɗe ido, na ɗauka an gama, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ce kada in saki jiki, domin ƙarfin allurar yana iya ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali kodin ɗin yana nan a jini, kuma ba ta da tasiri a kan ƙwayoyin barci. Na tsaya a kansa, tafin hannuna a kan ƙirjinsa, idona a kan agogon bango, ina ƙirga kowane numfashi. Can wajen ƙarfe uku ta jawo kujera ta ajiye a bayana, ta ce, "Baba, zauna. Ɗanka mara lafiya ne, kuma aikinmu ke nan." Shekara biyu ina jin ana kiransa ɗan ƙwaya, har ni kaina na kira shi da haka cikin fushi, ban taɓa jin wani ya kira shi mara lafiya ba sai ranar. Na zauna na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyata. Ban san sunanta ba, amma Allah ya san ta. Allah ya raya mata zuriya, ya tsare su daga abin da ta ga ya sami nawa.

Na san sauran ba za su so a ambace su ba, amma su yi haƙuri. Uwarsa ta ɗauki abin da ni ban iya ɗauka ba, ita ce ta zauna da shi a kwanakin farko na daina shan, lokacin gumi da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, yana roƙonta ta sa a sake shi, tana kuka tana cewa a'a. Ƙanwata, gwaggonsa, ta kwashe ƙannensa ta riƙe su wata uku ba ta taɓa nuna gajiya ba. Maƙwabcina da ya fito da motarsa cikin tsakar dare bai taɓa ɗaga maganar da kowa ba har yau. Malaminsa na lissafi ya riƙa aiko masa da darussa da hannunsa yana cewa kujerarsa tana jiransa. Likitan ƙwaƙwalwa kuma ya hana ni kuskuren da na so in yi na kulle shi a ɗaki in yanke komai lokaci ɗaya, ya fahimtar da ni cewa ƙwayoyin barci a hankali ake rage su, domin tsayar da su farat ɗaya yana iya kawo farfaɗiya. Allah ya biya ku da abin da ya fi wannan, ya yaye muku baƙin cikin duniya da lahira, ya haskaka kaburburan iyayenku, ya sa kada ku taɓa tsayawa a kan ɗanku kuna ƙirga numfashinsa.

Akwai 'yan'uwa na jini da ban ji muryarsu ba tsawon wannan lokaci, wasu ma sun hana 'ya'yansu zuwa gidanmu. Ni ma uba ne, na fahimci tsoronsu, kuma na yafe. Sai dai da sun kira uwarsa ko sau ɗaya sun tambayi jikin yaron, da sun rage mata wani abu daga cikin abin da ta sha.

Ba na cewa an warke. Shekarunsa 17, kuma likitoci sun ce ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, sannan sun ja mini kunne cewa makonnin nan na farko su ne mafi haɗari, domin jikinsa ya daina sabawa, adadin da yake sha a da yanzu yana iya kashe shi. Ina roƙonku idan kun gan shi ku gaishe shi kamar kowane yaro, kada ku tsare shi da ido ko da tambaya.

Abokin nasa kuwa har yanzu bai daina ba. Na je na sami mahaifinsa mun yi magana mai tsawo, ya amince, kuma ranar Litinin in Allah ya yarda ni zan kai shi wurin likitan da ya duba ɗana. Ku sa shi a addu'a tare da nawa.