Wasan Kunkuru: ba kullum hannunka ne da laifi ba

Idan wasa ya kayar da kai a wuri ɗaya yau, ya sake kayar da kai gobe, ya kayar da abokinka wanda ya fi ka saurin hannu, to kafin ka ce kai ne daƙiƙi, tsaya ka duba yadda aka gina wurin. Shawarar da nake da ita ke nan ga ƙannena masu kwana a fada da salula a hannu. Na same ta ne daga wani wasa da har yau, in an tuna mini shi, daɗi da haushi suke taso mini tare.

Wasan shi ne na farko na Tortues Ninja, wanda mu a Tawa muke ce wa Kunkuru kawai. A 1989 ya fito a Japan da Amurka, an yi shi don na'urar Nintendo da ake kira Famicom a Japan tun 1983, Amurkawa kuma suke ce mata NES. An sayar da kaset ɗinsa kusan miliyan 4 a duniya. Mu dai ba ta asali ce ta iso mana ba. Kawuna ne ya dawo daga bida a Abijan wajen ƙarshen shekarun 1990 da kwaikwayonta ta roba, mai manet biyu da ƴar bindiga, da kaset rawaya waɗanda sai an hura musu iska kafin su kama. Akwai mai alkawarin dubban wasanni, in ka shiga ka tarar ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Kunkuru shi kaɗai yake a kaset ɗinsa, don haka muka ɗauke shi babba.

Kunkuru huɗu ne, kowa da makaminsa. Leonardo takobi, Michelangelo ƴan sanduna biyu haɗe da sarƙa, Raphael ƴan wuƙaƙe gajeru, Donatello kuma doguwar sanda. Mutum ɗaya ke yin wasan, ba a yin shi biyu, sai muka yi tamu doka: kowane yaro da kunkurunsa, in an canza kunkuru a canza hannu. Ni ne babba, na'urar kuma a gidanmu take, don haka mai sanda nawa ne. Ƙanena, da yake shi ne ƙarami, shi aka bar wa mai ƴan wuƙaƙe.

Ku lura da wannan rabo, don nan ne na fara ɓata. Sandar Donatello ta fi kowane makami tsawo da ƙarfi. Tana dukan sama, tana dukan ƙasa, har shef, wato babban maƙiyin matakin farko, Rocksteady, ana iya hawa kan akwatuna a riƙa zungurinsa daga sama bai taɓa ka ba. Wuƙaƙen Raphael kuwa sai ka manne da maƙiyi kafin su same shi, kafin nan ya sha maka jini. Ke nan duk wanda aka ba shi zai riga kowa faɗuwa, ko wane ne shi. Mu ba mu ga haka ba. Abin da muka gani shi ne ƙanena ba ya iyawa, kuma muka yi ta gaya masa har ya yarda.

Sai madatsar ruwa. Duk wanda ya taɓa wannan wasa, ko a ina yake a duniya, in ka ce madatsa ya san zancen. Mataki na biyu ne, a kogin Hudson na birnin New York. An dasa bama-bamai 8 a ƙarƙashin ruwa, an ba ka minti 2 da daƙiƙa 20 ka kwance su duka. Babu duka a cikin ruwan, makaminka ba ya aiki, iyo kawai. Iyon ma ba ya bin hannu: ka danna ya yi sama fiye da yadda kake so, ka saki ya nutse, ga igiyar ruwa tana tura ka gefe. Hanyoyin ƴan matsattsu ne, jikin bango kuma duk wata ciyawa ce mai jan kuran, da ta shafe ka jini ya ragu. Akwai wani lungu da ciyawar ta cika sama da ƙasa, kusan ba a ratsa shi ba tare da an sha ja ba. In jini ya yi ƙasa sai wata ƙara ta fara, ba ta tsayawa, tana shiga kai har hannu ya fara rawa. Mu yaran Adar, da ba mu san ruwa ba sai tabkin damina, muka ɗauka ai haka iyo yake, mu ne ba mu iya ba.

Ga shi ba a ajiye wasan. Wasu kaset na zamanin suna da ƙaramin batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya, wasu suna ba ka lambar sirri ka rubuta. Wannan ba shi da ko ɗaya, damar ci gaba bayan faɗuwa kuma ƴar kaɗan ce. In an kira salla sai mu bar na'urar a kunne mu rufe ta da tsumma kada Inna ta gani, taransfo ya yi zafi har ba ya taɓuwa. In kuran ya yanke, ko baba ya shigo kallon labarai, an koma farko.

Wata rana aka aike ni sayen gawayi muna daf da madatsa. Ƙanena ya karɓi manet, ya shiga ruwa da mai sandata, ciyawa ta gama da shi. Na dawo na tarar babu Donatello, na kwaɗa masa mari a gaban abokai. "Yaya, ba ni ba ne, ruwan ne ke ja na," abin da ya ce ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. An bar jaki ana dukan taiki. Daga ranar ya daina neman manet, sai ya zauna baya yana kallo, ni kuma na ce ai da ma bai iya ba.

Sai da na je Yamai karatu, na fara shiga intanet, na tarar mutanen da suka yi wasan da na'ura ta asali, da manet ta asali, kukansu ɗaya da namu. A nan na fahimci abubuwan da muke ɗauka sharrin kaset ne ko rashin sa'a. Maƙiyin da ka kashe yana dawowa in ka ja baya kaɗan ka sake matsowa, haka aka tsara shi. Kyaftawar da hotuna ke yi in maƙiya sun yi yawa, na'urar ce ba ta iya nuna ƙananan zane fiye da 8 a layi ɗaya na allo, ƙwaƙwalwar aikinta kuma kilobait 2 ce kacal. Akwai tsalle a mataki na uku da rufin wurin ya yi ƙasa, in ka danna da ƙarfi kanka ya bugi sama ka faɗa ruwa. Akwai ma ƴar tazara wadda in ka yi tsalle ka faɗa, in ka taka kawai ka wuce. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wanda aka yi wa kwamfuta mai tsohon tsarin DOS aka sayar a Amurka: akwai rami a ciki da ba a iya tsallake shi ko kaɗan sai da maguɗi. Yara sun zauna gaban wannan rami suna zargin hannunsu.

Da a ce nan na yi hankali, da sauƙi. Amma tsufa yana da tasa wauta. Ƴan shekarun nan na sa wasan a salula da manhajar nan mai kwaikwayon tsofaffin na'urori, na miƙa wa ɗan ƙanwata ina cika baki: ku ƴan yanzu ba ku san wasa ba, mu ne muka sha wuya. Yaron ya ɗan taɓa, ya ɗago ya ce, "Kawu, mi ya sa wanda na kashe ya dawo?" Na ce haka wasan yake. Ya ce, "To ai bai da kyau." Raina ya ɓaci sosai, kamar ya zagi gidanmu. Da na zauna na natsu sai na ga abin da nake karewa ba wasan ba ne. Tabarmar ɗakin baba nake karewa, da abokan da wasunsu suna Libiya yanzu wasu sun riga mu gidan gaskiya, da kawuna da ya kashe kuɗin guminsa ya ɗauko mana abin wasa tun daga bakin teku. Waɗannan ba su da alaƙa da ko an gina madatsa daidai. Za ku girma ku ma, wani yaro zai ce wasan da kuke hana idonku barci a kansa yau bai da kyau. Ku saurare shi, wataƙila ya fi ku gani, don shi ba shi da tabarmar da yake karewa.

Kada kuma ku ɗauka na koma ina tsine masa. Yana da abubuwan yabo. Kiɗansa har yau yana kaina. Yawo a taswirar gari daga sama, sannan ka shiga magudanar ruwa ko gini wasa ya koma na gefe, wannan dabara ce babba a 1989. Canza kunkuru a tsakiyar faɗa ma haka, da motar da ake hawa a mataki na uku, da kuɓutar da ɗan'uwan da aka kama bayan jininsa ya ƙare. Buri ne ya yi yawa, gyara ya yi kaɗan.

Ku da ke zamanin salula, taku wuyar ta fi tamu wayo. Namu wasan an riga an biya kuɗinsa, duk muguntarsa ba ya ƙara neman dala biyar a wurinmu. Da yawa daga na yanzu kyauta ake sauke su, kuɗin kuma a ciki ake nemansa. In ka ga ka kai wani wuri da komai ya yi nauyi farat ɗaya, kuma a daidai nan aka buɗe maka kanti ana tallar lu'ulu'u ko sabon makami, to ka tambayi kanka ko wuyar ta ƙwarewa ce ko ta aljihu. Ka duba ko waɗanda suka fi ka suna wucewa da hannu ne ko da kati. Kuma in kuna yi a ƙungiya aka ci ku, kafin ku rufe ƙaramin cikinku da faɗa, ku duba wace salula yake riƙe da ita, wane rezo yake samu, wane matsayi kuka bar masa. Sau da yawa wanda aka fi zagi shi ne wanda aka ba kayan da suka fi lalacewa.

Wanda yake son ɗanɗana Kunkuru, ya ɗanɗana, amma da sharaɗi. Ya yi amfani da ajiyar da manhajar ke bayarwa, ba abin kunya ba ne. A madatsa kada ya shiga da Donatello, ya fara da Raphael da Michelangelo tunda makami ba ya aiki a ruwa, kuma da zarar ƙarar jini ta fara ya tsayar da wasa ya canza kunkuru kafin a kama shi. Ya sani kuma madatsa ba ita ce ƙarshen wuya ba, matakai shida ne, dogon lungun ƙarshe kafin Shredder, babban maƙiyin wasan, ya fi ta mugunta nesa. In kuwa ku biyu ne, ku bar wannan ku nemi na biyunsa da ya fito a 1990, wanda aka ɗauko daga injin wasa mai cin kwabbai. Shi ana yin sa mutum biyu a lokaci ɗaya, kuma makaman ba su da wannan bambanci mai yawa.