Abin da kwaɗo yake riƙewa a cikinsa

Shagona yana kusa da Kasuwar Dole, a nan Damagaram. Yankan makulli nake yi da gyaran kwaɗo da makullan ƙofa, ni da yara biyu. Sana'ar a hannun kawuna na koye ta, tun lokacin da magagari kaɗai muke fidda haƙoran makulli, kafin mu sayi inji.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne da wani ɗan kasuwa da aka kwashe wa atamfofi a sito cikin dare. Da safe aka tarar da kwaɗon a rufe, lafiya lau. Nan take kowa ya ce yaron shago ne, tunda shi ke riƙe da makulli na biyu. Alhajin ya aiko a kira ni in sa masa sabon kwaɗo, na roƙe shi ya bar mini tsohon. Da na kwance shi a shago na duba da gilashin ƙara girma, sai na ga ƙarce a gefen ƴaƴan kwaɗon, wato ƴan guntayen tagullar da ke cikinsa, wurin da makulli ba ya taɓawa. Na tafi komisariya da gudu.

Jami'in ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce, "Malam, wa ya ba ka izinin kwance shi? Hannu nawa ya bi kafin ya zo gare ka? Wace takarda gare ka da alƙali zai dogara da ita?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu." Gaskiyarsa ce. Mutum huɗu sun riga sun zura makulli a ciki suna gwadawa, wani har ya ɗiga masa mai. Yaron ya daɗe a tsare kafin danginsa su sasanta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan na shiga neman ilimin binciken kwaɗo don gano yadda aka buɗe shi, sai na gane ashe fanni ne mai zaman kansa. Irin kwaɗon da ya cika kasuwanninmu, daga na kamfanin Vachette na Faransa har na Sin masu araha, tsarin Linus Yale ƙarami ne, Ba'amurken da ya yi masa rajista a 1861 da 1865. A cikinsa akwai ƴan guntayen tagulla, galibi biyar, kowanne da sifirin a bayansa. Makullin gaskiya yana ɗaga su daidai layi guda, sai ciki ya juya. To tagulla tana da laushi, wayar ɓarawo kuwa ƙarfe ce mai tauri, don haka duk inda ta goga sai ta bar shaida. Makulli hanya ɗaya yake bi, shiga da fita, yana goge kan ƴaƴan har su yi sumul. Waya tana ƙarce ta kowace fuska. Makullin da ake bugawa da guduma kuma lotsawa yake bari. Ko makullin asali da aka kwafa a inji irin nawa yana ɗauke da tabon matsewa da layin da allurar inji ta bi a kan haƙoransa. Wani ɗan sandan Cikago, Art Paholke, yana cikin waɗanda suka fara nazarin waɗannan alamu a tsanake a shekarun 1970.

Mu a nan muna da abin da littattafan can ba su cika damuwa da shi ba: ƙurar hunturu. Rairayi yana shiga kwaɗon sito ya zauna, makulli ya dinga niƙa shi a kan tagulla shekara da shekaru. Wanda bai saba ba zai ga wannan ƙarcen ya rantse waya ce. Saboda haka nake tara tsofaffin kwaɗuna daga unguwannin Birni da Zango da Garin Malam. Wasu in kwance su yadda suke, wasu in buɗe su da waya da hannuna tukuna, in ɗauki hoton ƴaƴan kowanne in kwatanta.

Takardar shaidar da nake nema wata ƙungiyar masu binciken makullai ce ta Amurka, IAIL, take bayarwa, a ƙarƙashin babbar ƙungiyar masu sana'ar ta can, ALOA. Sai an ci jarrabawa, kuma da Ingilishi ake yin ta, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal. Wannan ne tudun da nake hawa yanzu. Abokan sana'a suna ce mini, "Takardar Amurka me za ta yi maka a Zinder?" Ita kaɗai ba za ta sa ni gaban kotu ba, na sani. A tsarinmu alƙalin bincike ne yake naɗa gwani, gwanin ya yi rantsuwa, ya rubuta rahoto. Amma ranar da zan miƙa takarduna a kotun ɗaukaka ƙara ta Zinder, ina son a ga wasu masana sun gwada ni sun yarda da idona.

Rabin karatun ma bai shafi kwaɗo ba. Yadda za a ɗauki hoto kafin a taɓa komai ne, da yadda za a naɗe shaida a rufe ta da hatimi, a rubuta sunan duk wanda ta bi ta hannunsa da ranar. Sai kuma abin da ya fi yi mini wuya: ka rubuta "an sa wani ƙarfe da ba makulli ba a cikin wannan kwaɗo", ka tsaya nan. Ba ka ce wane ne ba, ba ka ce yaushe ba, domin tagulla ba ta nuna wannan.

Yanzu in aka kira ni wurin da aka yi sata, tun a waya nake cewa, "Alhaji, don Allah kada kowa ya sa makulli, kada a zuba mai, a kira ƴan sanda tukuna." Na sayi ƙaramar na'urar ƙara girma mai haɗuwa da kwamfuta daga Kano. Bayan sallar isha'i ɗana da ke jami'ar Zinder yana zama da ni, shi yana karanta Ingilishin, ni ina nuna masa abin da kalmar take nufi a jikin kwaɗo.