Man tsirrai da ciwon bayana: abin da ya yi min da abin da bai yi ba

Na daɗe ina so in rubuta wannan, don duk sanda na ce bayana na ciwo sai an samu wanda zai ce min "ka gwada man kaza, kwana uku ka warke". To na gwada kam, kusan duk wanda aka ambata min na saya na shafa, kuma ina so in faɗi gaskiyar abin da na gani, mai daɗin da marar daɗin.

Nawa ciwon na ƙasan baya ne, daidai ƙugu, kuma zama ne ya jawo min shi. Aikina na kwamfuta ne, sai in yi awa shida bakwai a kujera ban tashi ba, da safe kuwa in zan sunkuya in sa takalmi sai na dafa bango. Ashe abin ba ni kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wajen kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon ba a iya nuna takamaiman wuri a ce ga abin da ya lalace. Nawa ma haka likita ya ce, ƙashi lafiya lau, tsoka ce da jijiyoyi suka gaji da zama.

Na fara da man na'a-na'a. Irin ƙananan kwalaben nan masu duhu da ake tatsowa daga ganye ta hanyar tururi, a dafa ganye mai yawan gaske tururin ya kwaso man sannan a sanyaya shi a raba shi da ruwa, shi ya sa ɗigo ɗaya ma ƙarfinsa ya wuce tunani. Ni ban san haka ba a lokacin. Wanda na saya a wajensa ta intanet bai rubuta komai ba game da sirkawa, kawai cewa ya yi ɗari bisa ɗari daga tsiro yake ba shi da illa, ni kuma na zuba a tafin hannu na mulke bayana da shi tsurarsa, sannan na ɗora robar ruwan zafi a kai don in ji daɗi. Wallahi cikin minti goma ji na yi kamar an ɗora min garwashi, wurin ya yi jawur ya tashi, sai da na yi kusan sati ina fama da fatar. Daga baya ne na gano cewa tun 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan ƙunar da mayukan shafawa masu mentol, wato sinadarin da ke cikin na'a-na'a, ke iya yi, kuma an hana ɗora abu mai zafi ko ɗaure wurin tamau bayan an shafa. Dan Allah kar wanda ya yi abin da na yi.

Wannan ƙunar ce ta sa na zauna na yi karatu a kan abin, kuma a nan ne na fara jin daɗinsa sosai. Sinadarin da ke cikin na'a-na'a sunansa mentol, kuma ba ya sanyaya fata da gaske, in ka sa ma'aunin zafi ba za ka ga wani sauyin kirki ba. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin jijiyoyin fata da ake kira TRPM8, aikinta ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai sanyi, shi mentol sai ya je ya buɗe ta, ƙwaƙwalwa ta ɗauka sanyi ne ya taɓa ka, saƙon sanyin kuma ya danne saƙon ciwon na wani ɗan lokaci. Barkono ma haka yake yi amma ta ɓangaren zafi, sinadarinsa kafsaisin yana buɗe wata ƙofar mai suna TRPV1 wadda wani masanin kimiyya, David Julius, ya gano a 1997, kuma a kan gano irin waɗannan ƙofofin na jin zafi da sanyi da taɓawa ne shi da wani masanin, Ardem Patapoutian, suka samu kyautar Nobel a 2021. Kun ga ke nan abin ba camfi ba ne, akwai ilimi a ƙarƙashinsa. Sai dai ilimin da kansa ya nuna iyakar abin: a fata da jijiyar da ke ɗaukar saƙo man yake aiki, ba ya ratsawa ya je ya gyara faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya kamar yadda masu talla ke faɗa.

Kirim ɗin barkono shi ne ya fi yi min aiki a cikin duk abin da na gwada, kuma shi ne ya fi wuyar sha'ani. Wanda ake sayarwa a kantin magani yawanci kafsaisin ɗinsa kaɗan ne, kamar 0.025 zuwa 0.1 cikin ɗari, akwai kuma wani filasta mai kashi 8 amma wannan a asibiti ake manna shi don ciwon jijiya, ba na gida ba ne. Ranar farko raɗaɗi kawai za ka ji, na biyu ma haka, mutane da yawa a nan suke jefar da shi, alhali sai an jure ana shafawa sau uku ko huɗu a rana har jijiyoyin su gaji su rage aika saƙo. Ni sai da na shiga sati na biyu kafin na lura ina tashi daga kujera ba tare da na cije baki ba. A wanke hannu da sabulu sosai bayan an shafa, in ya taɓa ido ba a magana. A binciken da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya ta auna hujjarsa, ta tattara a 2014, gwaje-gwaje 14 da mutum 2,050, barkono ne hujjarsa ta fi ƙarfi wajen rage ciwon ƙasan baya. Sun kuma ambaci ɓawon itacen wilo, da wani tsiro na kudancin Afirka da ake haƙar saiwarsa a Namibiya mai 'ya'ya masu ƙugiya, da man labanda, wani tsiro mai fure mai ƙamshi, amma sun ce hujjar waɗannan matsakaiciya ce ko ƙasa da haka, kuma duk gwaje-gwajen na ɗan gajeren lokaci ne.

Shi ɓawon wilo ɗin nan yana da tarihi mai daɗi, a cikinsa ne ake samun salisin, kuma daga dangin wannan sinadarin ne Felix Hoffmann ya haɗa asfirin a kamfanin Bayer na Jamus a 1897. Shi ya sa in na ji ana raba magani gida biyu, wai wannan na bature ne wancan na tsiro ne, sai in ga rabon bai tsaya da ƙafarsa ba. Mai gyambon ciki da aka hana shi asfirin, to ɓawon wilo ma ba nasa ba ne, don hanyar aikinsu ɗaya.

Akwai wanda nake so in daɗe a kansa don shi ne ya fi tsorata ni, man ganyen wani tsiro da ake kira wintagirin. Ƙamshinsa shi ne wanda kuke ji a yawancin man zafin da 'yan wasa ke shafawa, kuma kusan gaba ɗayansa, wajen kashi 98, sinadari ɗaya ne, metil salisilet, ɗan uwan asfirin. Cokalin shayi guda na wannan man daidai yake da asfirin giram 7, wato ƙwayoyin manya sama da ashirin. Ku yi tunanin yaro ɗan shekara biyu ya tsinci kwalbar, ga ƙamshi kamar alawa, ƙasa da cokali ɗaya ma zai iya kashe shi. Kuma ko a fata aka shafa yana shiga jini, don haka mai shan maganin tsinka jini irin warfarin bai kamata ya kusance shi ba sai da sanin likita. Ni dai tun da na karanta wannan na fitar da shi daga gidana, akwai yara, ba zan iya ba. Man ganyen itacen yukaliftus ma guba ne in aka sha, kuma shi da na'a-na'a ba a sa su kusa da fuskar jarirai saboda numfashi.

Labanda kuma daban take. Ban taɓa jin ta cire min ciwo kai tsaye ba, amma tana sa ni barci, kuma duk mai ciwon baya ya san daren da bai yi barci ba gobensa ciwon ninkuwa yake. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, René-Maurice Gattefossé, shi ya yaɗa maganar magani da ƙamshi a 1937, bayan ya taɓa ƙonewa a hannu ya yi jinyar wurin da man labanda. Ni ɗigo biyu nake sawa a man zaitun a murza min ƙugu kafin in kwanta. Kuma a gaskiya ina ganin rabin amfanin daga murzar ne, hannun da ke tausa. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka yi bayanin cewa saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon ciwo hanya a laka, abin da kowa ke yi ne in ya buge, ya kai hannu ya murza wurin. Wannan bai rage wa man daraja a wurina ba ko kaɗan, shi ne ya sa ake zama a yi tausar minti goma maimakon a wuce.

Man kanumfari na gwada sau ɗaya na bari, sinadarin yujinol da ke cikinsa yana kashe zafi, likitocin haƙori sun daɗe da saninsa, amma fatata ba ta ɗauke shi ba.

Sai maganar lubban, a nan kam ana yaudarar mutane. Za ku ga ana tallar man lubban ana cewa bincike ya nuna yana maganin kumburin gaɓoɓi. Binciken a kan wasu sinadarai ne da ke cikin ƙaron itacen, su kuma suna da nauyi, tururi ba ya iya ɗauko su, don haka ba sa cikin tataccen man da ke kwalba. Ƙamshi za ka samu mai kyau, amma abin da aka yi binciken a kansa ya tsaya a tukunya. Kurkur ma akwai irin wannan, sinadarinsa kurkumin jiki ba ya zuƙarsa sosai, shi ya sa ake haɗa shi da sinadarin masoro don ya shiga jini, kuma an samu mutanen da hantarsu ta taɓu saboda shan ƙwayoyinsa masu ƙarfi. Citta da kurkur kaɗan-kaɗan ba ni da matsala da su, amma ƙwayar da aka tattara ta yi ƙarfi magani ce, a faɗa wa likita ana shanta, musamman mai ciki da mai ciwon hanta ko ƙoda da wanda ke kan wasu magunguna.

Ga yadda nake sirkawa yanzu, tunda na san za a tambaya. Ɗigo biyu na tataccen man a cokalin shayi guda na man zaitun ko na kwakwa, wato wajen kashi biyu cikin ɗari ke nan, in kwalba ce mai mililita 30 to ɗigo 12. Ga tsofaffi da masu laushin fata rabin haka ya isa. Sabon mai kuwa sai na fara ɗiga shi a cikin damtse na bar shi kwana ɗaya in ga ko fata za ta yi ja. Ba na shafawa a kan rauni, ba na sha ko ɗigo ɗaya duk yadda mai talla ya rantse, kuma man ɓawon lemo irin su bagamot in an shafa ba a shiga rana da wurin don yana ƙona fata. A ajiye kwalaben a rufe nesa da haske, in sun tsufa iska ta shige su sun fi saurin sa ƙaiƙayi.

Abin da man ya yi min na haƙiƙa shi ne ya ba ni sarari in motsa. Da can in ciwon ya tashi kwanciya nake yi kwana biyu uku, ashe kwanciyar ƙara sandarar da bayan take. Yanzu in na shafa na ji ya lafa sai in fita in yi tafiyar minti ashirin, in dawo in yi 'yan miƙe-miƙen da likitan gashin ƙashi ya koya min, kuma na sa ƙararrawa a waya duk rabin awa in tashi daga kujera. A watannin da na riƙe wannan ne ciwon ya ragu da gaske, lokacin da nake shafa mai kaɗai ina kwance kuwa da ƙamshin ya tafi ciwon ke dawowa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ma motsa jiki da ilimantar da mai ciwo suna cikin abin da suka sa a gaba.

Akwai ciwon bayan da ba na mai ba ne sam, kuma ina roƙon ku da ku riƙe wannan. In ƙafa ta fara sanyi ko tana jan ƙasa, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, in fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zubowa ba a sani ba, wannan asibiti ne a ranar, ba a kwana, don jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne kuma jinkiri na iya barin mutum da nakasa. Haka in akwai zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ciwon da ke tada mutum cikin dare ko ya kwanta ba ya lafawa, ko ya biyo bayan faɗuwa, ko mutum ya taɓa yin ciwon daji. Tarin fuka na iya kama ƙashin baya, ciwon ƙoda ma a baya ake jin sa. Wani ɗan uwana ya yi watanni yana shafe-shafe ana ce masa sanyi ne, da aka yi gwaji ƙodarsa ce, kuma man da yake shafawa yana ɗan lafar masa da ciwon ne har ya ƙara masa jinkiri. Ya samu sauƙi alhamdulillahi, amma ya sha wuyar da bai kamata ya sha ba.

Yanzu kwalabe biyu kawai suka rage a durowata, na'a-na'a da labanda, sai bututun kirim ɗin barkono da nake ɗaukowa in na yi doguwar tafiya a mota bayana ya riƙe. Durowar a kulle take, makullin yana sama inda yara ba sa kaiwa.