In inji ya mutu a sama, fara da tuƙa jirgin

Ƙannena masu koyon tuƙin ƙananan jirage, jirgi ba ya faɗowa don injinsa ya mutu. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 takan yi tafiyar kusan ƙafa 9 gaba a duk ƙafa ɗaya da ta sauko, muddin ka riƙe ta a gudun da littafinta ya ce, wajen kilomita 120 a awa. Ke nan in kana ƙafa 1,000 daga ƙasa kana da abin da bai kai kilomita 3 ba, da minti ɗaya da rabi. Lokaci ne kaɗan, amma ya isa ga wanda bai ɓarnatar da shi ba.

Ni na ɓarnatar da nawa. Da damina ne, jirgin ya kwana a waje ruwa ya dake shi, ni kuma ina sauri, na tsiyayi mai don gwaji daga tankin fiffike ɗaya na bar ɗayan. Man jirgin shuɗi ne, ruwa ya fi shi nauyi, sai ya kwanta a gindin kwalbar gwaji kamar ƙwayoyin carbi. Da na duba da na gani. Na tashi daga filin jirgin Jos da ke Heipang ba da jimawa ba inji ya fara tari, ya yi shiru. Maimakon in sunkuyar da hancin jirgin, sai na duƙufa kan makunnai, ina murɗa wannan ina tura wancan, har ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka, alamar fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi. Allah ne ya sa na ɗago kai na tarar da gona a gabana. Ƙafar gaban jirgin ta karye, na fito da raina.

Jos tana da nata tarko. Filin jirgin yana sama da ƙafa 4,000 daga teku, saboda haka in ma'aunin tsayi ya nuna maka 5,500, abin da ke ƙarƙashinka bai kai 1,500 ba. Iskar ma ba ta da kauri, inji ba ya ba da ƙarfin da yake bayarwa a Legas, balle da rana tsaka. Ga duwatsu, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga hazon hunturu da ke ɓoye su. Tun inji na lafiya ka riƙa tambayar kanka: in ya mutu yanzu, ina zan sauka?

In abin ya faru, riƙe jirgin a gudun da littafinsa ya ce tukuna, sannan wurin sauka, sannan ka duba mai da makunnai in akwai sarari. Kiran gaggawa ta rediyo a mita 121.5 da sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirginka a rada su biyo baya. In kana tashi ne kuma ba ka yi sama ba, don Allah kada ka juya ka ce za ka koma fili. Wannan juyin ya ci matuƙa da yawa. Sauka gabanka.

A gona, bi tsawon kunya, kada ka gitta ta. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta za ka nema. Kafin ka taɓa ƙasa rufe mai, ɗaure bel tamau, ka buɗe ƙofa kaɗan don kada ta maƙale in jikin jirgin ya lanƙwashe.