Shekara 7 na ɓata ina jiran tsoro ya tafi

Ɗan yayata ne ya matsa mini in zauna mu kalli wani katun na Japan a wayarsa, irin wanda suke kira anime. Na zauna don kada ya ji na gwale shi. Kafin kashi na farko ya ƙare na yi tsit, domin halin yarinyar da ke ciki nawa ne sak.

Sunan shirin Bocchi the Rock!, an nuna shi a ƙarshen 2022 cikin kashi 12, daga labarin zane na Aki Hamaji. Yarinyar, Hitori Gotoh, ba ta iya haɗa ido da mutum. Ta ɗauki jitar mahaifinta ta shige kabad ɗin ɗakinta, tana koyo awa 6 kullum har shekara 3. A intanet, inda ba a ganin fuskarta, dubban mutane na yaba kiɗanta. Amma ranar da Nijika mai ganga ta tsince ta ta kai ta STARRY, wani ƙaramin gidan kiɗa a unguwar Shimokitazawa ta Tokiyo, don ta buga wa ƙungiyarsu jita, sai abin ya watse. Hannu ya ƙware, kunne kuwa bai taɓa bin kiɗan wani ba. A cikin kwalin mangwaro ta ɓuya ta yi wasan daren nan.

Ƙannena, nawa kabad ɗin shagon zaurenmu ne. Ina ɗan shekara 19 na sayi fiyano ta gwanjo, nakan kulle ƙofa in rage sauti yadda ko mai wucewa ba zai ji ba. Kuskurena na farko shi ne na yarda da sunan da aka raɗa wa ciwona. A gida cewa ake, "Yaron nan akwai kunya, akwai natsuwa." Na ji daɗin yabon na lulluɓa da shi. To amma kunya daban, tsoro daban. Mai kunya yakan russuna ya gaida babba ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni kuwa sai in canza hanya don kada in ratsa majalisar unguwa, waya ta yi ta ƙara a hannuna ina kallonta gabana na dukan uku-uku. Wannan ba tarbiyya ba ce, kuma da na kira shi da sunansa tun wuri da na nemi mafita tun wuri.

Na biyu ya fi yi mini ciwo. Na ɗauka in na ƙware sosai tsoron zai tafi da kansa. Wani abokina da ke aiki a sutudiyo ya taɓa kirana in buga wa wani mawaƙi. Na je har bakin ƙofa, na jiyo ana dariya a ciki, zuciyata ta ce da ni ake. Na juya, na kashe waya, washegari na ce zazzaɓi ne ya kama ni. Na koma ɗaki na ƙara wa kaina darasi, ina cewa sai na shirya. Sai da na kai 26 na tsallaka ƙofar nan, kuma a ranar na gane abin da na yi wa kaina: mawaƙi ya ja numfashi, ni na riga na wuce gaba. Yaran da ba su kai ni sanin maɓallai ba sun fi ni amfani nesa ba kusa ba, saboda su a cikin mutane suka yi kurakuransu.

Abin da ya sa na girmama shirin nan shi ne bai yi wa yara ƙarya ba. Hitori ba ta warke ba. Tilas ce ta riƙa fito da ita: aikin miƙa wa baƙi abin sha a STARRY, sai tikitin da aka ɗora mata ta sayar, wanda ya kai ta ga yin kiɗa a bakin titi tare da Hiroi, wata makaɗiya da ta haɗu da ita a hanya, inda Hitori ta buɗe ido ta ga masu kallon ba abokan gaba ba ne. A kashi na ƙarshe, a bikin makaranta, tsirkiyar jitarta ta tsinke ana tsakiyar waƙa. Kita, abokiyar kiɗanta a ƙungiyar, wadda Hitorin ce ta koya mata jita, ta rufa mata asiri da nata kiɗan har Hitori ta samu dabarar gurza kwalba a kan tsirkiyoyin ta ƙarasa. Nan ne idona ya ciko. A ɗaki in tsirkiya ta tsinke babu mai tare maka. Kuma bayan duk wannan, da aka miƙo mata makirufo ta yi magana, ta kasa.

Don haka kada ka jira gabanka ya daina faɗuwa. Ka fita da shi yana faɗuwar. Nemi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka buga masa abin da ka iya, ko ka karanta masa abin da ka rubuta, ka bari ya ji inda ka yi tuntuɓe. Ke ma ƙanwata, in an ce wa zai tashi a aji, ɗaga hannu ko da murya na rawa. In kuwa abin ya kai ga hana ka zuwa makaranta ko cin abinci cikin mutane, ka faɗa wa babba a gida, ku ga likita. Ana magance shi, ba abin kunya ba ne.

Da muka gama kallo na tambayi yaron me ya sa yake son shirin. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa, ya kasa ba ni amsa. Ranar Asabar zan tafi da shi sutudiyo. Na ce masa ba sai ya ce komai ba, ya dai riƙe mini jakar fiyano, ya yi sallama da bakinsa in mun shiga.