Inda Aka Kwana a Gyaran TS-520: Kada Ku Yi Saurin Zubar da Bawul

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon tayar da tsofaffin rediyoyin magana. Kenwood TS-520 ɗin da ya fito daga ɗakin ajiyar wani gida a unguwar Birni, nan Damagaram, yanzu yana kama tasha, yana kuma fitar da ƙarfi, kuma ban sauya ko bawul ɗaya a cikinsa ba, wato ƙwan gilashin nan mai ƙara wa sigina ƙarfi. Wannan na ƙarshen ne ya sa na zauna rubutu, don na lura da yawanmu da zarar rediyo ya yi rauni sai mu ɗora wa bawul laifi, mu shiga neman sabo daga Kano ko daga Turai, alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Ga wanda bai taɓa buɗe irinsa ba: wannan rediyon ya fito ne a 1973, lokacin da masana'antu ke tsakiyar ƙaura daga bawul zuwa taransista. Ɓangaren kamawa duk taransista ne. Bawul uku kacal ke ciki, dukansu a ɓangaren aikawa: 12BY7A guda ɗaya mai tura sigina, sai 6146B guda biyu da ke ɗaga shi zuwa kusan wat 100. Yaesu FT-101 ma haka tsarinsa yake, sai dai shi 6JS6C ne a ƙarshensa.

Ban kunna shi kai tsaye ba. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta kwanta a kan komai, ta haɗu da tsohon man shafawa ta zama danƙo. Da burushin fenti mai laushi da abin hura iska na fitar da ita, na tabbatar an saita shi a kan volt 220 irin wutarmu, na duba fis. Kunnawar farko ta bi ta cikin ƙwan lantarki mai wat 100 da na haɗa a jere da wayar shiga. Idan akwai gajeriyar hanya a ciki, wato wayoyin da bai kamata su haɗu ba sun haɗu, ƙwan zai haska tar ya shanye wutar, transfo ya tsira. Nawa ya yi haske na ɗan lokaci sannan ya koma ja-ja, alamar kondansa, masu tara wuta, sun cika sun huta. Sai fa ƙwan da, mai zare a ciki. Na zamani ba ya wannan aikin, kuma a Kasuwar Dole yanzu sai ka zagaya rumfuna kafin ka dace da shi. In kun samu, ku sayi biyu ku ɓoye.

Kafin hannu ya shiga kejin bawul, ku ji wannan da kyau. A kan hular 6146B akwai wuta sama da volt 800, kuma manyan kondansa biyu na riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Akwai rezistans, masu rage gudun wuta, da aka sa don su zubar da ita a hankali, amma abin da ya shekara 50 ba a jingina rai a kansa. Ina zare waya, in juya makunnin awo zuwa HV, wato babbar wuta, in ga allura ta sauka, sannan in taɓa hular da sanda mai wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen rediyon. Hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ba zobe ba agogo. Yara kuma ba sa kusa.

Gwajin farko ido ne ke yin sa. An zuƙe iskar cikin bawul tun a masana'anta, aka bar wani tabo mai sheƙi kamar madubi a jikin gilashin, wanda aikinsa shi ne shanye ragowar iskar da ta saura. Muddin tabon yana da launin azurfa ko ya yi baƙi-baƙi, lafiya lau. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, wannan bawul ya gama. Duka ukun nawa suna sheƙi. Gilashin ɗaya ya ɗan yi duhu ta gefe, wanda ke nuna ya sha aiki, ba ya nuna ya mutu. Wajen cirewa a kama gindin, a riƙa jijjiga shi kaɗan-kaɗan, kada a ja ta gilashi. Kuma kada a goge da ruwa, rubutun lambar nan take yake bin tsumma.

Na biyu maltimita, na'urar awon wuta. A cikin bawul, katod ne ke fitar da wuta, faranti ya karɓe ta, raga kuma tana tsakaninsu tana sarrafa ta. A 6146B, zaren da ke ɗumama katod yana tsakanin ƙafa ta 2 da ta 7. Yana sanyi zai nuna kusan om 1. In bai nuna komai ba, ya tsinke. A 12BY7A kuma ƙafa ta 4 da ta 5 ne, ta 6 ce tsakiyarsu. Daga nan a bi sauran ƙafafun a tabbatar raga ba ta taɓa katod, faranti bai taɓa raga ba. Ku tuna a 6146B ƙafa ta 1 da ta 4 da ta 6 a haɗe suke tun asali, kada ku ɗauka lahani ne.

Na uku ne ya kai ni unguwar Zango, wurin wani dattijo da ya yi gyaran rediyo tun zamanin da rediyo ke ɗaukar lokaci kafin ya yi magana. Yana da Metrix 310, na'urar gwajin bawul ƙirar Faransa, a lulluɓe da tsohon zane a ƙarƙashin tebur. Na'urorin gwajin nan iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu zai hana ku asara. Masu arha suna haɗe raga da faranti wuri guda su auna ko katod na fitar da wuta, sai allura ta faɗa kan kore ko ja. Wannan ya gaya maka bawul yana da rai, bai gaya maka yana iya aiki ba. Masu kyau irin Metrix, ko Hickok da TV-7 na Amurka, suna ba kowace ƙafa wutarta, su motsa wutar raga kaɗan, su ga nawa wutar faranti ta motsa. Wannan shi ne ainihin aikin bawul: ƙaramin motsi a raga ya haifi babba a faranti. Takardar masana'anta ta ce sabon 6146B, da volt 200 a faranti da 200 a raga ta biyu, yana ba da motsin miliamfa 7 a faranti a kan kowane volt ɗaya da aka motsa a raga ta farko. 12BY7A kuma, da irin tasa wutar, 11.

Dattijon ya jira na'urar ta yi ɗumi, ya juya makunnan ɗaya bayan ɗaya yana duba wani littafi da gefensa ya cinye, ya sa 6146B na farko. Allura ta hau ta tsaya wajen 6. Na biyu, mai duhun gilashin, da ƙyar ya wuce 5. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin fensir yana kallon allura, ba ta yi rawa ba. Na ce, “Baba, ke nan wannan sai a nemo wani?”

Ya ce, “A'a ɗana. Akwatin nan iyakarsa volt 300, rediyonka kuwa 800 yake ɗora masa. Ka gwada jaki ne ba kaya a bayansa. Je ka mayar da shi gidansa, can za ka san ko waye.”

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma maganar tana da fuska biyu. Bawul na iya cin gwaji a na'ura, ya shiga rediyo ya riƙa tartsatsi a ciki saboda wutar ta fi ƙarfin raunin da yake ɓoyewa. Wani kuma na'ura ta raina shi, ya shiga ya yi shekaru yana aiki. Abin da na'ura ta fi iyawa shi ne ta fitar maka da matattu da masu gajeriyar hanya, ta kuma nuna ko biyun da za su yi aiki tare sun yi kusa da juna.

To ina raunin yake? A ƙarƙashin kejin. Katod ɗin bawul biyun na bi ta rezistans biyu masu om 10 zuwa jikin ƙarfe, a haɗe kafaɗa da kafaɗa, don haka maltimita ya kamata ta nuna om 5. Nawa ta nuna kusan 8. Ɗayan ya tsage a tsaye, sai da na haska tocila ta gefe na ga tsagar, siririya kamar gashi. Ku duba yadda wannan ƙaramin abu ke yaudara. Allurar IP da ke fuskar rediyon ba wutar faranti take aunawa kai tsaye ba, wutar da ta faɗi a kan rezistans ɗin nan take karantawa. Umarnin masana'anta shi ne a saita wutar hutu, wadda ke gudana a bawul lokacin da ba sigina, a miliamfa 60, wato volt 0.3 a kan om 5. In rezistans ya hau zuwa 8, allura za ta nuna 60 alhali ainihin abin da ke gudana bai kai 40 ba. Duk wanda ya bi allurar ya saita, ya shaƙe bawul da hannunsa: ƙarfi ya ragu, murya ta riƙa fita a karye, shi kuwa ya ce bawul sun tsufa. Na sauya su biyun, na sauya na raga ta biyu masu om 100 tunda hannu ya riga ya kai wurin, na sa sabbin manyan kondansa don ɗaya ta fara kumbura ta sama.

Gwajin gaskiya na yi shi a kan kayan bogi mai om 50, wanda ke shanye ƙarfin ya mayar da shi zafi ba tare da komai ya fita iska ba. Na kunna zaren ɗumama na bar shi ya zauna, na saita wutar hutu, na ɗaga DRIVE har allurar ALC, mai nuna ƙarfin siginar da ake tura wa bawul na ƙarshe, ta kai ƙololuwa, na juya PLATE har allurar IP ta nutse, sannan LOAD kaɗan-kaɗan. Kowane danni bai wuce daƙiƙa 10 ba, sai hutu. A zangon mita 20 ya ba ni kusan wat 90, a mita 10 ya sauka ƙasa da haka, kuma tsofaffin rediyoyi dama haka suke a can sama. Na kashe fitila na leƙa: faranti bai yi ja ba, ba kuma shuɗin hayaƙi a tsakanin ƙarafan ciki. Ɗan shuɗi a jikin gilashi ba komai ba ne, wanda ke cikin tsakiya ne alamar iska. A garin nan da zafin bazara ke haura digiri 40, ba na irin wannan gwaji da rana. Sai bayan isha'i ko da sassafe, kuma sai na ji iskar fankar baya a tafin hannuna.

In har dole sai an sauya, abu uku. Kada a haɗa 6146 ko 6146A da 6146B a keji ɗaya, don na farkon suna ɗaukar zafin wat 25 ne a faranti, B kuwa 35. A karanta lamba da kyau, domin 6883B kamarsa ɗaya sak da 6146B amma zarensa na volt 12.6 ne, ba 6.3 ba. Kuma duk wanda ya sauya bawul na ƙarshe sai ya sake daidaita ƙaramar kondansar da ke hana su yin kuka su kaɗai, da makunnin SG na baya, mai ba raga ta biyu wuta, a kashe, da abin juyawa na roba. Tunda nawa na asali ne suka koma ramukansu, ban taɓa ta ba.

Har yanzu ban aika komai ta eriya ba. Aikawa sai da lasisi daga ARCEP, hukumar kula da sadarwa, da lambar kira mai farawa da 5U, wadda ita ce ta Nijar. Amma saurare ba shi da shamaki, kuma da waya doguwa da na ja daga soro zuwa bishiyar dogonyaro, da la'asar sakaliya tashoshin Italiya da Spain na shigowa a mita 20 raɗau.

Abin da ya rage: tasha tana zamewa kaɗan daga inda aka saita ta kafin rediyon ya yi ɗumi, makunnin zaɓen zango yana ƙara a mita 15, kuma allurar ALC ba ta hawa yadda nake so a mita 10. Wannan na ƙarshen ne ya sa nake zargin 12BY7A, don shi ya fi saurin gajiya a cikin ukun, kuma a Metrix ma bai kai 8 ba. Ba zan yanke masa hukunci ba sai na sa wani a ramin na ga bambanci da idona. Wanda ke da guda a ajiye, a nan Damagaram ko Mirya ko Matamaye, ya ara mini na yini ɗaya, ni kuma zan zo da kayan bogin mu gwada nasa rediyon tare.